Daga Teburin Cin Abinci Zuwa Zauren Gwanjo: Yadda Giyar Inabi Ta Zama Kadara a Turai

A ranar 7 ga watan Yuni na shekarar 1867 aka shirya wata liyafa a gidan cin abinci na Café Anglais da ke birnin Paris, wadda har yau marubuta tarihin abinci ba su daina ambatonta ba. Sarkin Purushiya, Wilhelm na Ɗaya, ya zauna tare da Sarkin Rasha, Alexander na Biyu, da ɗansa mai jiran gado, ga kuma waziri Bismarck. Bikin baje kolin duniya ne ya tara su a Faransa. Babban kukun gidan, Adolphe Dugléré, ya jera musu abinci iri goma sha shida, aka kawo giya iri takwas, suka shafe sa'o'i takwas a zaune. Kuɗin kowane mutum ya kai faran 400, a zamanin da ma'aikaci a Paris yake samun faran huɗu zuwa biyar a yini. Daga baya aka laƙaba wa zaman suna Liyafar Manyan Sarakuna Uku, ko da yake a wannan dare mutum ɗaya ne kaɗai yake riƙe da sarautar daula. Wilhelm bai zama sarkin daular Jamus ba sai a 1871, ɗan sarkin Rasha kuwa sai a 1881 ya hau gadon mahaifinsa.

Abin da ya fi jan hankali a takardar jerin abincin wannan dare shi ne yadda aka rubuta giyar. Kowace da sunan gonar da ta fito da shekarar da aka girbe inabinta: Château Margaux ta 1847, Latour ta 1847, Lafite ta 1848, Yquem ta 1847. Giya ce mai kimanin shekara ashirin a ajiye, kuma tsufanta da sunanta su ne abin alfaharin mai liyafa. Shekaru ɗari biyu da hamsin kafin nan, da wuya a sami wanda zai fahimci irin wannan rubutu, domin a ganga ake sayar da giyar inabi, da sunan yanki ko tashar jirgin ruwan da aka yi lodinta, kuma ana hanzarin shanye ta kafin shekara ta zagayo ta yi tsami. Sabuwa ta fi tsohuwa tsada. Wannan maƙala za ta bi sawun yadda suna da shekara suka hau kan kwalba, da rawar da gidajen cin abinci suka taka a ciki, da yadda daga bisani kwalbar ta bar teburi ta koma kadarar da ake saye don riba ba tare da an ko buɗe ta ba. Galibin masu karatun Hausa Musulmi ne, kuma hukuncin giya a wurinsu sananne ne. Abin da ke gabanmu a nan tarihin ciniki ne, ga wanda yake son ganin yadda ake gina farashi a kan suna da amana, da kuma yadda ake cin amanar.

Labarin ya faro ne daga Bordo, birnin da ke kudu maso yammacin Faransa a bakin kogin Garonne. A shekarar 1152 Eleanor, gimbiyar yankin Akitan, ta auri Henry wanda ya zama Sarkin Ingila bayan shekara biyu. Ta haka yankin ya shiga hannun sarakunan Ingila har zuwa 1453, kuma cikin waɗannan shekaru ɗari uku Ingilishi suka saba da giyar Bordo. Amma duk ɗaya suka ɗauke ta, babu mai tambayar gonar wa ta fito. Iyalin Pontac, masu gonar Haut-Brion, su ne suka fara sauya wannan. Suka riƙa sayar da tasu da sunan gonarsu, kamar yadda maƙeri yake sa alamarsa a kan abin da ya ƙera. A watan Afrilu na 1663 wani ma'aikacin gwamnati a Landan, Samuel Pepys, ya rubuta a littafinsa na yau da kullum cewa ya sha wata giyar Faransa mai wannan suna a wata mashaya, kuma ɗanɗanonta ya bambanta da duk wadda ya sani. Bayan babbar gobarar Landan ta 1666, iyalin suka tura ɗansu ya buɗe gidan ci da sha mai suna Pontack's Head a tsakiyar birnin. Manyan mutane da marubuta suka mayar da shi wurin haɗuwa, ana sayar musu da giyar gidan a kan ninki uku ko fiye na kuɗin giyar kasuwa. Ke nan tun daga farko teburin cin abinci ne dandalin tallar suna.

Sai dai suna kaɗai ba ya hana giya lalacewa. Abubuwa biyu masu araha ne suka ba ta tsawon rai: kwalba mai kauri da aka fara ƙerawa a Ingila a ƙarni na 17 da wutar kwal, da matoshin ɓawon itacen oak na ƙasashen Fotugal da Sifaniya. Da farko kwalaben masu tumbi ne kamar albasa, ba sa kwanciya. Zuwa ƙarshen ƙarni na 18 aka miƙe su suka zama dogaye, ana iya kwantar da su jeri-jeri yadda giyar za ta riƙa jiƙa matoshin, kada ya bushe iska ta shiga. A nan aka gano cewa wasu giyoyin, ƴan kaɗan daga cikinsu, ƙara kyau suke yi bayan shekara goma ko ashirin. Wanda ya san cinikin goro zai gane lissafin: kayan da ke jure ajiya, kuma kuɗinsu ya ƙaru saboda ajiyar, kamar daushe, ba za su rasa mai ɓoye su ba.

A wannan zamani ne injiniyoyin Holan suka janye ruwan fadamun Médoc da ke arewa da Bordo, tsakuwar da ke ƙarƙashi ta bayyana, attajiran birnin suka dasa inabi a kanta. Ya kamata a faɗi daga inda wani ɓangare na dukiyar birnin ya fito. Bayan Nantes, Bordo na cikin manyan tashoshin cinikin bayi na Faransa. Jiragenta sun yi tafiye-tafiye kusan 500 tsakanin 1672 da 1837, suka kwashi ƴan Afirka fiye da dubu ɗari zuwa tsibiran Karibiyan, kuma sukari da kofin da bayi suka noma su ne suka cika rumbunan ƴan kasuwarta. Lokacin da Thomas Jefferson, jakadan Amurka a Faransa, ya ziyarci Bordo a 1787, ya tarar an riga an san gonaki huɗu da suka fi kowa tsada: Margaux, Latour, Lafite da Haut-Brion.

Haihuwar gidan cin abinci

A shekarun da Jefferson yake zaune a Paris, wani sabon abu yana tasowa a birnin. Kafin tsakiyar ƙarni na 18, baƙon da yake son abinci sai ya je masauki, a zaunar da shi teburi ɗaya da sauran baƙi a lokacin da mai gida ya tsayar, ya ci abin da aka dafa. Mai saurin hannu ya ƙoshi, mai kunya ya tashi da yunwa. Ƙungiyoyin sana'a sun kuma kasa aikin girki a tsakaninsu, mai gashin nama daban, mai dafa nama da miya daban, kowa yana tsare iyakarsa a gaban alƙali. Kalmar Faransanci ta “restaurant” a asali sunan wani romo ne da ake ba marar lafiya ko mai raunin ciki don ƙarfinsa ya dawo. A wajen 1766 wani mai suna Mathurin Roze de Chantoiseau ya buɗe wurin sayar da irin wannan romo, kuma tsarinsa ne ya zama sabo: ƙananan tebura, kowa da nasa, abinci a kowane lokaci, da takarda mai jerin abin da ake da shi da farashin kowanne. A shekarun 1780 Antoine Beauvilliers, wanda ya yi wa ɗan'uwan sarki aikin girki, ya buɗe La Grande Taverne de Londres, inda ya haɗa ƙawataccen ɗaki da horarrun masu hidima da ma'ajiyar zaɓaɓɓun giyoyi.

Juyin juya halin 1789 ya hanzarta abin da ya riga ya soma. Aka soke ƙungiyoyin sana'a a 1791, kukun da ubangidansa ya gudu ko aka fille masa kai ya fita neman na kansa, gidajen cin abinci suka yawaita. Ba a daɗe ba mai sharhi ya bayyana. Daga 1803 Grimod de La Reynière ya riƙa fitar da littafin shekara-shekara yana yabon wannan gida yana kushe wancan, kuma tun a lokacin aka zarge shi da cewa kyautar da masu sana'a ke aiko masa tana tasiri a alƙalaminsa. Muhimmancin gidan cin abinci ga tarihinmu shi ne wannan: a da giya mai suna tana ɓoye a ma'ajiyar basarake, sai wanda ya gayyata ne zai gan ta. Yanzu an rubuta sunanta a takarda, da kuɗinta a gefe, duk mai abin biya zai iya karantawa, ya kira ta da babbar murya na teburin kusa su ji.

Jerin 1855

Da Sarki Napoleon na Uku ya shirya bikin baje kolin duniya a Paris a 1855, aka nemi kowane yanki ya kawo abin da yake taƙama da shi. Majalisar ƴan kasuwar Bordo ta nemi ƙungiyar dillalan giya ta ba ta jerin gonaki bisa daraja. Cikin mako biyu dillalan suka miƙa shi, ranar 18 ga Afrilu. Ba su zauna ɗanɗana komai ba. Littattafan cinikinsu suka buɗe, suka duba farashin da kowace gona ta saba samu cikin shekaru masu yawa, suka kasa jar giya aji biyar. Aji na ɗaya gonaki huɗu ne, su ne dai waɗanda Jefferson ya lissafa. A cikin farar giya mai zaƙi ta Sauternes suka ɗora Yquem ita kaɗai a sama.

Takarda ce da aka yi don biki guda, amma ta daskare. A yau gonaki 61 ne a jerin jar giyar, kuma babban sauyi ɗaya kaɗai aka yi masa: a 1973 aka ɗaga Mouton daga aji na biyu zuwa na ɗaya, bayan Baron Philippe de Rothschild ya shafe shekaru da dama yana fafutika. Ministan noma da ya sa hannu shi ne Jacques Chirac. Wani abin lura da ba kowa ke faɗa ba shi ne darajar tana bin sunan gidan ne. Idan gona mai aji ta sayi filin maƙwabciyarta marar aji a yankinsu, inabin wannan fili yana iya shiga kwalba mai tsada. A yankin Bagandi akasin haka ne, ƙasar ake ba daraja ko a hannun wa take. A ganina jerin 1855 ya fi kama da rajistar sarauta, wadda ake gada ko magajin ya cancanta ko bai cancanta ba, kuma wannan rashin motsi nasa shi ne ya sa masu kuɗi suka amince da shi. Ba mamaki da manyan masu bankin Turai suka shigo. Nathaniel de Rothschild ya sayi Mouton a 1853, James de Rothschild kuma ya sayi Lafite a 1868 a kan faran fiye da miliyan huɗu.

Shekara uku bayan liyafar Café Anglais, sojojin Wilhelm da Bismarck suka yi wa Paris ƙawanya. Abinci ya ƙare, aka ci dawakai, aka koma kan karnuka da ɓeraye, daga ƙarshe aka yanka dabbobin gidan namun daji. Takardar abincin Kirsimeti ta 1870 ta gidan Voisin tana nan har yau, a cikinta akwai romon giwa, gasasshen raƙumi, kan jaki, da kyanwa da aka kewaye da ɓeraye. A ƙasan takardar kuwa ga Mouton ta 1846 da Romanée-Conti ta 1858. Nama ya ƙare a birnin, tsohuwar giya ba ta ƙare ba, domin ita ba ta ruɓewa.

Masifar da ta fi yaƙin yi wa gonakin ɓarna ƙwaro ce. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai cin saiwa, filoksera, ya shigo daga Amurka a shekarun 1860 ya kashe yawancin kurangar inabin Faransa, har sai da aka koma yi wa irin Turai aure da saiwar irin Amurka. Giɓin da aka samu shi ya sa Turawan mulkin mallaka suka cika Aljeriya da gonakin inabi, ƙasar Musulmi ta zama wadda ta fi kowace fitar da giya waje a duniya, ana kai ta Faransa ana gauraya ta da ta gida. Algus ya yi yawa. Maganin da manyan gonaki suka samo shi ne su daina sayar wa ƴan kasuwa ganga. A 1924 Philippe de Rothschild ya fara ɗura dukkan giyar Mouton a kwalba a cikin gonar, sauran manyan suka bi sahu, kuma a 1935 gwamnati ta kafa dokar kare sunayen yankuna. A ɓangaren abinci, kamfanin taya na Michelin, wanda ya fara raba wa direbobi littafin jagora kyauta a 1900 don su yawaita tafiya tayoyi su cinye, ya soma ba gidajen cin abinci tauraro a 1926, ya kai su uku a 1931. Gidan da ke neman tauraro uku dole ya tara ma'ajiya mai zurfi. Ta gidan La Tour d'Argent ta yi suna har a 1940, da sojojin Jamus suka doso Paris, Claude Terrail ya gina bango ya rufe mafi darajar kwalaben a bayansa.

Kwalba ta bar teburi

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, mai sayen giya mai tsada don ya sha yake saye. Attajirin Ingila kan sayi akwati biyu, ya ajiye shekara goma, ya sayar da ɗaya ya sha ɗaya kyauta. Kasuwa ta zamani ta soma ne a 1966, lokacin da kamfanin gwanjo na Christie's ya sake buɗe sashen giya ƙarƙashin Michael Broadbent, Sotheby's kuma ya biyo baya a 1970. Gwanjo ya ba kowace kwalba farashin da kowa zai gani a jarida. Nan da nan masu neman riba suka shigo, farashi ya yi tashin gwauron zabo a farkon shekarun 1970, sannan ya rikito a 1973 da 1974 saboda tsadar man fetur da munin kaka da kuma abin kunyar da ya faɗa wa tsohon kamfanin Cruse na Bordo, wanda aka kama da sayar da giya marar daraja da sunan yankin.

Ana cikin farfaɗowa sai ga abin da ya faru ranar 24 ga Mayu 1976. Wani ɗan Ingila mai shagon giya a Paris, Steven Spurrier, ya tara alƙalai tara ƴan Faransa a otal ɗin InterContinental, aka zuba musu giyar Faransa da ta Kalifoniya ba tare da sun ga kwalba ba. Cikinsu akwai masu gidajen cin abinci na Taillevent da Le Grand Véfour, da mai kula da giyar La Tour d'Argent, da ɗaya daga masu Romanée-Conti. Da aka tattara maki, Chateau Montelena ta Kalifoniya ce ta zo ta ɗaya a farar giya, a ja kuma Stag's Leap ta 1973, wadda kurangarta ba su wuce shekara uku da dasawa ba, ta sha gaban Mouton da Haut-Brion. Ɗaya daga alƙalan, Odette Kahn, ta nemi a mayar mata da takardar makinta. Ɗan jarida ɗaya ne ya halarta, George Taber na mujallar Time, kuma shi ya baza labarin. Ratar makin kaɗan ce, ana kuma iya jayayya da yadda aka yi lissafin. Abin da ba a jayayya da shi shi ne sakamakon ya ɗaga Kalifoniya, amma bai rage wa ƴan aji na ɗaya ko kwabo ba. Harshen ƙwararru ya kasa bambancewa, kasuwa kuwa ta ci gaba da biyan kuɗin suna.

Mai zuba jari yana buƙatar lamba, sai wani lauya ɗan jihar Maryland, Robert Parker, ya ba shi. Daga 1978 ya riƙa ba giya maki bisa ɗari, kuma yabon da ya yi wa girbin Bordo na 1982 tun yana ganga ya tabbata, Amurkawa suka yi tururuwa. A Bordo akan sayar da giya ne a bazarar da ta biyo bayan girbi, a kai wa mai saye bayan kimanin shekara biyu, kamar sayen amfanin gona tun yana tsaye. A irin wannan ciniki maki biyu ko uku daga alƙalamin mutum ɗaya sukan sauya farashi cikin yini guda. A shekarar 2000 aka kafa Liv-ex a Landan, kasuwar da ke nuna farashin giya a allon kwamfuta kamar na hannun jari. Gidajen cin abinci kuwa suka zama wurin nuna isa. A watan Yuli na 2001 wasu ma'aikatan bankin Barclays su shida suka sha giyar fam 44,007 a zama ɗaya a gidan Pétrus na Landan, har gidan ya yafe musu kuɗin abincin, wanda bai wuce fam 400 ba. Biyar daga cikinsu sun rasa aikinsu daga baya.

Inda suna ya fi kaya tsada, mai jabu ba ya nisa. Ranar 5 ga Disamba 1985 Christopher Forbes ya sayi kwalba guda a gwanjon Christie's a kan fam 105,000. An ce Lafite ce ta 1787, an zana haruffan sunan Jefferson a jikinta, kuma wani Bajamushe, Hardy Rodenstock, ya ce a wani rufaffen ɗakin ƙasa a Paris aka samo ta. Aka kai ta wurin nuni aka haska mata fitila, zafi ya busar da matoshin ya faɗa ciki. Attajiri Bill Koch ya sayi irinta huɗu a kan kusan dala rabin miliyan. Sai a 2005, da ya nemi tabbaci daga masu kula da gidan tarihin Jefferson suka ce babu alamar waɗannan kwalabe a takardunsa, ya ɗauki masu bincike, su kuma suka gano da na'urar lantarki aka yi zanen. Rodenstock bai taɓa amsa laifi ba har rasuwarsa a 2018.

Na Rudy Kurniawan ya fi wannan girma. Matashi ne ɗan Indonesiya mazaunin Kalifoniya, wanda ya sayi amanar attajirai da liyafa. Yakan tara su a manyan gidajen cin abinci, ya buɗe musu kwalabe na gaske masu tsadar gaske, bayan an watse ya nemi a aika masa da wofintattun kwalaben gida. A 2006 kaɗai an sayar da kayansa na dala miliyan 10.6 a gwanjo ɗaya, da miliyan 24.7 a wani. Ramin ƙarya ƙurarre ne. A 2008 ya kawo giyar Clos Saint-Denis ta gidan Ponsot mai shekaru daga 1945 zuwa 1971, alhali gidan bai fara yin ta ba sai a 1982. Mai gonar, Laurent Ponsot, ya taso daga Faransa ya zauna a wurin gwanjon, wanda a wani gidan cin abinci na New York ake yin sa, aka janye kayan. A watan Maris na 2012 jami'an FBI suka shiga gidan Kurniawan suka tarar da dubban takardun manna wa kwalba, da matosai, da kwalabe a jiƙe a wurin wanke-wanke. Aka yanke masa shekara goma a 2014. Abin mamaki a shari'ar shi ne yawan ƙwararrun da suka sha gaurayensa suka yaba.

Wannan ne ya sa a yau takardar tarihin kwalba ta kusa fin abin da ke cikinta muhimmanci. Mai jari ba ya kai giyarsa gida. Tana zaune a akwatinta na asali a ma'ajiyar da hukumar kwastan ta amince da ita, ba a biya mata haraji ba, irin ta Octavian da ke Corsham a Ingila, tsohon ramin haƙar dutse mai zurfin kimanin mita talatin wanda aka taɓa ajiye makamai a ciki. Akwati kan sauya masu shi sau da yawa bai motsa daga inda yake ba. Da Hong Kong ta soke harajin giya a watan Fabrairu na 2008, attajiran Sin suka afka wa Lafite. A Oktoban 2010 aka sayar da kwalabe uku na 1869 a can, kowace fiye da dala 230,000, gonar kuma ta sa alamar lamba takwas ta rubutun Sin a kwalbar girbin 2008, domin lambar sa'a ce a wurinsu. Farashi ya kai ƙololuwa a tsakiyar 2011 ya juyo ƙasa, yaƙin da gwamnatin Sin ta ƙaddamar da cin hanci da kyautar jami'ai ya ƙara danne shi. Hankali ya koma Bagandi, inda kaya suka fi ƙaranci. Gonar Romanée-Conti hekta 1.8 ce kacal, kuma a Oktoban 2018 aka sayar da kwalbarta guda ta 1945, ɗaya daga 600 da aka yi a shekarar, a kan dala 558,000 a New York.

To, ana samun riba? Masana uku, Elroy Dimson da Peter Rousseau da Christophe Spaenjers, sun bi farashin manyan giyoyin Bordo biyar daga 1900 zuwa 2012, suka sami ribar kashi 4.1 cikin ɗari a shekara bayan an cire hauhawar farashi da kuɗin ajiya. Ta fi ta takardun lamunin gwamnati da zane-zane da kan sarki, amma ba ta kai ta hannun jarin kamfanonin Birtaniya ba. Kuma wannan lissafi na gonaki biyar ne da tarihi ya riga ya nuna sun yi nasara. Kwalba ba ta haihuwa, ba ta biyan haya, ana biya mata inshora, dillalin gwanjo yana yankar nasa a saye da sayarwa, ga ɓarawo. A Janairun 2024 La Tour d'Argent ta kai ƙara cewa kwalabe 83 na fiye da yuro miliyan ɗaya da rabi sun ɓace daga ma'ajiyarta. A ƙarshen 2022 ma farashin kasuwar gaba ɗaya ya fara sauka.

Su kuwa dubban manoman Bordo da sunansu ba ya cikin kowane jeri, wata duniya suke ciki. Faransawa sun rage shan jar giya ƙwarai, Sin ta rage saye, gangar giyar talaka ta koma ba ta mayar da kuɗin nomanta. A Disamban 2022 manoman suka yi zanga-zanga a titunan Bordo suna neman a biya su su tumɓuke gonakinsu. A 2023 gwamnati ta ware yuro miliyan 200 don mayar da rarar giya sinadarin masana'antu, aka kuma amince da shirin cire kurangar inabi daga hekta kusan 9,500 a yankin, a kan yuro 6,000 kowace hekta. Da yawa daga waɗannan gonaki suna tsakanin kogunan Garonne da Dordogne, tafiyar da ba ta kai sa'a biyu a mota ba daga ƙofar Lafite.